Rasuwar Barewa a Gonar Gado

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye kamar na wanda aka kama a rumbun maƙwabci, ni Ilyasu ɗan Uwani, mai awon gyaɗa a Maraɗi, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki, na birni da na Tibiri da na Jiratawa, rasuwar motata Barewa. Ta cika ranar wata Talata da la'asar, yau kwana arba'in ke nan, a tsakiyar gonar mutum, ruwa cike da cikinta. Na ɓoye mutuwar duk tsawon kwanakin nan. Wanda ya tambaye ni sai in ce tana wurin gyara a Katsina. Ƙarya nake yi. Ko hanyar Katsina ba ta kama ba, tana can Jiratawa, gero ya kewaye ta.

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, allona ma bai yi nisa ba. Bakina ke faɗa, mai rubutun wasiƙa na bakin gidan waya ke zanawa, na kuwa ce masa kada ya gyara mini magana ko guda. A karanta ta a kasuwa da ƙarfi. Akwai kunne ɗaya da nake so ta faɗa ciki, kunnen Gado na Jiratawa, sarkin noma, aminina tun muna ɗaure da walki, wanda wata bakwai ke nan bai amsa sallamata ba. Na saba cewa marigayiya ce ta shiga tsakaninmu. Yau da take kwance ba ta iya kare kanta, ba zan yi mata ƙazafi ba. Ni ne.

Wanda bai san ni ba baƙo ne a garin nan. Yunwar da ta sa mutane tonon gidan tururuwa ta same ni ina saurayi, ta gaji ta tafi ta bar ni. Shekarar fara ina nan. Aikin tilas na hanya ya kayar da ƙarti a gabana, na dawo. Ruwan Gulbi da ya ci tsohon gari shekara goma sha biyu da suka wuce ya tafi mini da ɗaki uku da awaki, na fito da wando ɗaya, na hau tudu na sake gini, wanda ya fi na da. Duk waɗannan ban taɓa sunkuyar da kai ba. Sai ga abu mai ƙafa huɗu da kujera biyu ya sa in na hangi mutumin Jiratawa a kasuwa nakan shige bayan buhuna.

Marigayiya haifaffiyar ƙasar Turawa ce. Wani mushe, wato Bature, na kamfanin gyaɗa ya zo da ita, saurayi mai jan wuya, ya yi kaka biyu yana yawo da ita, zazzaɓi ya kore shi gida. Ranar da zai tafi manyan ƴan kasuwa suka kewaye ta suna leƙe, kowa na taɓe baki. Suka ce abin wasa ne, ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali, ko rago ba shi da wurin tsayawa. Wannan magana ce ta sa na saye ta. Kamyo, babbar motar kaya, kowa na iya saye, kamyo ai jaki ne babba. Abin da ba shi da amfani kuwa sai wanda ya isa.

Ja ce wur kamar barkonon da ya nuna. Gajera ce, cikinta dab da ƙasa, ga dogon hanci, ga idanu biyu a gwale kamar kullum tana mamakin inda ta samu kanta. Kujerunta na fata ne mai laushi. Tana da rumfa ta zane mai kauri wadda ake naɗewa baya kamar hannun riga, ni dai ban taɓa ɗaga ta ba. Wanda ya sayi mota don a gan shi, me zai yi da rufi? Matan kasuwa suka sa mata Akushi-ba-marfi. Ni na raɗa mata Barewa, na raba goro a kan haka.

Muryarta ba za ta fita kunnena ba. Da safe in na murɗa mata mabuɗi sai ta ce kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai shawara da zuciyarta, sannan ta ce buuum, kajin unguwa su watse. A hanyar Tibiri, inda ƙasa ta yi tauri, sai muryar ta sauko ta koma gurnani, rrrrr, iska ta cika mini riga in zama kamar mutum uku. Hula huɗu ta ɓatar mini a wannan hanya kafin in koyi ɗaure rawani ta ƙarƙashin haɓa. Ƙahonta kuwa fam-fam yake cewa, da ladabi, ba irin haushin kamyo ba. Wallahi wanda bai ji iskar nan a gemunsa ba, kada ya ce ya gama sanin duniya.

Cikin kyawawan halayenta, ba ta taɓa ja da baya ba. Na sha faɗar haka a majalisa ana gyaɗa kai. Tunda yau ranar gaskiya ce, bari in ƙarasa. Tana iya komawa baya sarai. Akwai wani ƙarfe da ake dannawa a tura wani wuri, mushe ya nuna mini sau ɗaya da yarensa, ban gane ba, na kuma ji nauyin in sake tambaya a gaban mutane. Ranar karɓar farmi, takardar tuƙi, Allah ya rufa mini asiri, fili kawai aka ce in zagaya. Tun daga nan in zan juya sai in nemi wuri mai faɗi in yi da'ira. Shi ya sa na fasa katangar gidana na buɗe ƙofa ta biyu, ta shiga ta gabas ta fita ta yamma. Mutane suka ce tsarin Turawa ne. Ban musa ba.

Aibinta ɗaya, ba ta da sirri. Mai kamyo na iya wuce surukinsa ya ce bai gani ba. Ni kowa na ganina, ina ganin kowa. In na haɗu da wanda ya girme ni, ko malami, ko dangin matata, dole in tsaya in fito in tuɓe takalmi in durƙusa, a tambayi gida a tambayi gajiya. Motar da mushe ya ce tana kai mutum Tibiri kafin shayi ya huce, ni takan kai ni bayan azahar. Sai kuma kujerar nan ta gefena. In na ɗauki liman, ladan ya yi fushi. In na ɗauki ɗan wana, ɗan ƙanena ya daina gaishe ni. Zuliha matata, wadda wurin ya fi dacewa da ita, ko sau ɗaya ba ta zauna ba. Ta ce, "In zauna kafaɗa da kafaɗa da kai a tsakiyar kasuwa, ba rufi, kamar an kawo mu sayarwa? Allah ya kiyashe ni."

Jibo makaɗi ne ya raba gardama. Wata rana ya faɗa kujerar da kalangunsa ba tare da an ce ya shiga ba, na kuwa ga abin ya yi daidai. Ba mai kishi da makaɗi, ga shi ba rufin da zai danne kiɗa. Tun daga ranar ba na fita sai da shi. Barewa na gurnani, kalangu na amsawa, Jibo na wage baki: "Ilu na Uwani, tudun da ya gagari Gulbi! Fara ta ci gari, kai ka ci fara!" In na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya ta biyu.

Yanzu in zo kan Gado. Shi ba ya salla, al'adar kakanninsa yake bi, ni ina yi, shekara sittin wannan bai taɓa hana mu sa hannu a akushi ɗaya ba. Lokacin aikin hanya kurkunu ya fito mini a ƙafa biyu, na kasa tsayuwa, gardin kumandan, dogarin Bature, ya ce a bar ni nan a gindin ƙaya. Gado ya goya ni, yini biyu, har ɗakin uwata. In Jibo na kirarin yadda na gagari aikin tilas, wannan wurin ba ya cikin waƙar, don ban taɓa gaya masa ba.

Bara Allah ya ba Gado damina, ya ɗaure dami dubu na gero. Ga ƴan birni da ba su sani ba, manomin da ya kai dubu yakan yi buki, ya buɗe rumbuna ya rabar, maroƙa da makafi da baƙi kowa ya ɗiba, ya wayi gari ba shi da komai sai suna. Daga ranar shi sarkin noma ne har ya mutu. Sau ɗaya ake yi a rayuwa, da yawa ma har su koma ba su kai ba. Gado ya yi bukinsa a Jiratawa. Saura ya je Tibiri wurin dangin uwarsa, inda tsofaffin sarakunan noma za su tarbe shi su sa masa hula. Doki aka tanadar masa, ni na hana.

Na ce, "Sarkin noma guda a kan doki kamar kowa? Barewa za ta kai ka."

Ya ce, "Ilu, abin nan naka ba ya harbi?"

Na ce ba ta harbi, ba ta cizo. Ya yi dariya ya ce to a aika Tibiri a ce su duba jar mota, sarki na ciki.

Da hantsi na ɗauke shi a ƙofar gidansa. Ya sa sabuwar riga kore, baƙa mai sheƙin baba, wadda ya yi shekara uku yana ajiya domin wannan rana. Da farko ya riƙe ƙofa da hannu biyu, ya rufe ido. Muna wuce Maraɗi, hanya ta miƙe, na ji ya fara dariya. Ya ce, "Ashe haka shaho ke ji! Ilu, ƙara mata!" Na ƙara mata. Tsofaffi biyu, haƙoranmu duka in an haɗa ba su cika baki ɗaya ba, muna ihu kamar an sako mu daga kiwo. A duk zamana da marigayiya ban ji daɗinta kamar wannan safiya ba.

Kafin a shiga Tibiri akwai wata tsamiya a hannun dama. Nan Jibo yake tsaye, ya riga mu zuwa a kamyo. Yana hango ja ya matse kalangu ya kira sunana. Na taka birki. Da ban taka ba, da yau ba a rubuta wannan takarda ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Barewa za ta shiga Tibiri bebiya? Gobirawa su ce wa ya zo?"

Na dubi bayan mota, ba wurin zama sai kan taya, rana ta gasa ƙarfen. Jibo ya ce shi ba ya iya kiɗa a rataye. Na dubi Gado. Abin da na faɗa ga shi, a rubuta shi yadda yake.

"Gado, ɗan sauka ka miƙe ƙafa, ga gari nan. In aje Jibo a bakin fili in dawo in ɗauke ka."

Ko Sarki ban ce masa ba. Ya ce, "A nan?" Na ce yanzun nan zan dawo. Ya tattara rigarsa ya fita a hankali, ya rufe ƙofar da hannu biyu kamar mai tsoron kada ya ji mata ciwo.

Na ɗauka a fili jama'a suke jira, ashe sun fito har bakin gari. Suna ganin jar mota bindiga ta tashi, gangunan noma suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa irin wadda ban taɓa ji ba. Wata tsohuwa, ƙanwar uwar Gado, wadda ido ya yi mata rauni, aka riƙo hannunta har jikin mota da ƙwarya cike da gero. Ta laluba ta watsa shi a kan wanda ke kujera, tana kiran ɗanta da sunan yarinta. Jibo ne ya sha geron. Bai fasa kiɗa ba.

Magana ɗaya ta isa in gyara. In miƙe in ce jama'a ku dakata, sarki na baya. Na kuwa miƙe ɗin. Da na ga hannuwa sama, ga sunana na tashi a kalangu, sai na dunƙule hannu na jinjina. Can na tuna, na ce in koma. Gaba mutane, dama katanga, hagu katanga, hanya ɗaya ce ta rage, baya. Na danna ƙarfen nan na tura shi ko'ina, marigayiya ta ce gurrr ta yi gaba. Haka taro ya tafi da ni har fili, na zagaya shi sau biyu. Jibo ya ga kaina ya kumbura, ya ce an ga mai ba da riga, an ga mai ba da doki, me Ilu zai bayar wanda ba a taɓa bayarwa ba? Na fito na kwance rumfar Barewa ɗungum na miƙa masa. Aka sake guɗa.

Sa'ad da Gado ya iso rana ta take tsaka. Garin da na ce ga shi nan, ashe da nisa ga mai shekara sittin da biyar cikin riga mai nauyi. Zufa ta narkar da baban rigar, wuyansa da hannuwansa sun yi shuɗi, ƙurar motata ta zauna a kai. Albarushi ya ƙare, muryar masu guɗa ta dushe, makaɗa sun zauna cin tuwo. Ya shigo fili kamar wanda ya zo sayen gishiri. Aka gane kuskure, aka tashi ana ta kame-kame, aka sake buga ganga, aka sa masa hula. Amma guɗar farko ba ta dawowa, ƙwaryar tsohuwa kuma ta riga ta zama wayam. Na kutsa na durƙusa zan yi bayani. Bai dube ni ba. Ya ce wa na kusa da shi, "A ba direban nan ruwa, ya sha rana." A kan doki ya koma gida.

Bayan da Gado ya goya ni a kai wurin mutum ɗaya ne, ni kuma a lokacin ba sauƙin nauyi gare ni ba. Yini biyu bai ce in ɗan sauka in miƙe ƙafa ba.

Na aika goro, ya dawo a ƙulle yadda na ƙulle shi. Na aika kan sukari da turmin zane, suka dawo. Zuliha ta ce, "Ka tashi ka je da kanka mana. Goro ne ya sauke shi a hanya?" Na ce sai ya huce. Na yi ta cewa sai ya huce har rani ya wuce, ruwa ya sauka, aka yi shuka.

Ciwon ajalin marigayiya gajere ne, bai kai tsawon tsakanin azahar da la'asar ba. Ranar Talatar nan na yanke shawara zan je. Da kunya nake faɗa, a cikinta na tafi. Tunanina in ɗauke shi in zagaya da shi Jiratawa sau uku kowa ya gani, a ce an biya. Zuliha ta leƙa sama ta ce, "Da ita za ka? Ga hadari, ga shi ka yi kyauta da marfin." Na ce Gulbi bai ci ni ba balle yayyafi.

A Jiratawa aka ce mini yana gonarsa ta bakin fadama, yana noman farko. Na bi burtali, shingen ƙaya dama da hagu. Ina tsakiya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Burtalin ya ƙare a gonar Gado, ba wurin juyawa. Mai hankali zai tsaya nan ya fito ya taka da ƙafarsa. Ni na ga fili, na ce in yi da'ira guda a gefe, in tsaya tana fuskantar hanya. Na shiga gonar sarkin noma da taya huɗu, ina jin ƙananan gero na kwanciya a ƙarƙashina. Ban kai rabin da'ira ba ƙafafunta na baya suka nutse. Na taka mata, ta ce wiii, wiii, tana watsa laka tana ƙara zama. Ruwan tudu ya gangaro ya same ta daga ƙasa, na sama ya same ta daga sama, har ya rufe mini idon sawu. Muryar nan ta gurnani ta koma tari. Kwaf. Kwaf-kwaf. Tsss. Na murɗa mabuɗi, ta ce kir. Na sake murɗawa, ba ta ce komai ba. Rai ya yi halinsa.

Gado na tsaye kamar taku ashirin daga nan, hauya a hannu, ruwa na zuba daga malfarsa. Ba ni ya duba ba, sawun taya ya duba. Ya sunkuya ya bi layin yana tayar da geron da ya kwanta ɗaya-ɗaya, wanda zai tashi ya tara masa ƙasa a gindi, wanda ya karye ya wuce shi, har ya zo dab da hancinta. Ina zaune cikin ruwa, rawani ya jiƙe ya sauko mini a ido. Na tsaya gyaran rawanin. Ya saɓa hauyarsa ya tafi gida. Jakin wani mai itace ya kawo ni birni, na shiga gidana ta ƙofar yamma.

Bayan kwana uku na tura Abdu mai gyaran mota a ɓoye. Ya buɗe ƙirjinta ya duba, ya dawo da ɗan mai a gwangwani, ya koma fari kamar nono. Ya ce, "Baba Ilu, wannan sai haƙuri. Ruwa ya shiga inda ba ya fita. Ba fan ba ne, ƴar lalacewar da za a ce a gyara, tafiya ce."

Ta rasu ta bar mabuɗi, yana aljihuna, har yanzu nakan laluba shi in na tashi daga majalisa. Ta bar rumfarta a ƙofar gidan Jibo, awakinsa ke shan inuwa a ƙarƙashi. Shi kansa Jibo, tun da ya daina ganin ja a ƙofata, ya koma yi wa wani mai kamyo kiɗa, da kirarina, suna kawai ya sauya, alhali mutumin ko shekarar fara ba a haife shi ba. Ta bar rabin gwangwanin isansi, man da take sha, da ƙofa biyu a gidana waɗanda jakunan unguwa suka mai da hanya. Ta bar Abdu cikin maraici, don shi ya fi kowa cin arzikinta. Zuliha ta ce kada a sa sunanta cikin waɗanda aka yi wa rashi. Masu wucewa sun ce kwaɗi sun tare a kujerun nan biyu, sun fi goma, ba mai gardama da wani. Sun kuma ce Gado ya yi maimai ya kewaye ta tsaf, bai taɓa ta ba, bai bar ciyawa ta hau ta ba, kamar yadda ake yi wa kushewa.

Masu cewa tsufa ya taɓa ni, ina makokin ƙarfe, na ji ku. Na san ƙarfe ne. Amma a ƙasar nan, mai salla da marar salla, ko gabar shekara goma ake yi, ba a ƙin gaisuwar mutuwa. Sai na ce in shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana in zauna a matsayin mai gawa. Dole Gado ya zo ya ce mini sannu, in ya buɗe baki kuwa saura mai sauƙi ne. Dabarar ta yi mini daɗi har na gaya wa Zuliha. Ta dube ni tun daga hula har takalmi ta ce, "Wato shi ne zai sake takowa." Duk da haka ta ɗauki mayafinta ta je ta kai saƙo.

Ta same shi yana gyaran ƙotar hauya. Ya saurara har ta gama. Ta ce ya yi ƴar dariya ta hanci, sannan ya ce, "Zuliha, gawa a gonar wa ta faɗi? Wa ke share mata ciyawa tun ranar? Ni ad da gawa. Mai son gaisuwa shi zo shi iske ni." Ta ce masa, in ya zo za ka amsa? Ya ce, "Shi zo tukuna."

Wata bakwai, wannan ce magana ta farko da ya aiko mini. Na sa Zuliha ta maimaita mini ita sau uku, a na huɗu ta ce in ƙyale ta ta sha ruwa.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi wanka ba, sama ta riga ta yi. Ba likkafani, ni na kyautar da shi da hannuna. Ba za a ɗaga gawa ba sai bayan kaka, don mai gona ya ce ba wanda zai sake taka masa gero, gaskiyarsa kuwa. In an yi girbi a jawo ta a miƙa wa maƙeran Jiratawa, su sare ta su ƙera hauyoyi, ko a ƙarshe ta yi amfani. Ban ce Allah ya jiƙanta ba, malamai sun ce ba a yi wa ƙarfe wannan addu'a. Wanda ke da addu'a a baki ya yi mini.

Zaman gaisuwa ranar Alhamis mai zuwa ne, a Jiratawa, ƙarƙashin gawon da ke bakin gonar. Na san gawo ba shi da ganye da damina. Mai gona ne ya zaɓi wurin. Sarkin Noma Gado ne zai karɓi gaisuwa, ni cikin masu zuwa nake. Mutanen Tibiri, maza da mata, duk wanda ya ga na jinjina a filinku ina roƙonsa ya zo ya ga na durƙusa. A riƙo hannun tsohuwar nan in za ta iya, a gaya mata wanda ya sa geronta ya zuba a kan makaɗi. Jibo in zai zo ya zo, ya bar kalangu a gida.

Zan tashi daga ƙofar gidana bayan sallar asuba, a ƙasa. Rabona da taka hanyar Jiratawa da ƙafa ya fi shekara ashirin, gwiwar hagu kuma ba ta da kirki. Zuliha ta ce ba zan kai ba sai rana ta karkata. Na fara tuna mata yunwa da Gulbi, ta ce in adana numfashina. Mai jaki ko mai kamyo da ya iske ni a hanya ya yi mini sannu ya wuce, kada ya tsaya. In kun ga na zauna a gindin itace ba fasawa na yi ba. Wanda ya riga ni isa ya gaya wa Sarki ina tafe, kada a naɗe tabarma.